Sawu Mai Yatsu Shida a Makabartar Ankilitelo

Tsiholy mai amalanke ne ya fara gani. Da hantsi ya faɗo gari a guje, ba shanu ba amalanke, yana ihu wai shingen kabarin gidan Mahatoro a buɗe yake.

A Ankilitelo ba a zuwa makabarta sai da gawa. Saboda haka sai da dattawa suka tsiyaya barasa a ƙasa, suka nemi izinin kakanni, sannan aka tuɓe takalma aka shiga. Ni Zanamasy, ungozomar garin, ina cikin matan da suka tsaya a gindin tsamiyar da ke kan iyaka. Daga nan ma ana hango komai.

An tone kabarin Soalaka, mahaifiyar Mahatoro, wadda ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Akwatin gawarta, wanda aka sassaƙa da katakon tsohon kwale-kwalen mijinta, yana nan. An jingine murfin a gefe. Ciki wayam.

Ba ramin ne ya sa mutane ja da baya ba. Sawu ne. Daga bakin kabarin ya fita, ya ratsa farin rairayi, ya nufi teku. Ƙafar hagu yatsu shida. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan ƙafar, don ya sha bin ta zuwa rijiya.

"Inna ta tashi," in ji wata tsohuwa a bayana.

Mahatoro ne babban gidansu, shi ke riƙe da turken yanka na kakanni. Ya daɗe yana kallon sawun. Da ya fito, ni ya nuna da sanda.

"Matattu ba sa yawo sai an tashe su. Ke kika kawo mana masu ɗibar yawu. Sun gama da yawunmu, yanzu ƙashinmu suke so."

Ga abin da yake nufi. Bara wata likita daga jami'ar babban birni ta zo da mutanenta, suka goga auduga a kumatun duk wanda ya yarda, ni kuma na yi musu jagora gida-gida. Watan jiya ta dawo da takardu. Ta tara mu ta ce a jikin kowa akwai wata alama da uwa kaɗai ke bayarwa: ɗa namiji yana karɓa, amma a kansa take tsayawa, mace ce ke miƙa ta gaba. Ta ce da yawa daga cikinmu muna ɗauke da alamar matan da suka tsallako teku daga gabas a kwale-kwale masu fiffike irin namu, sama da shekara dubu, kuma ana samun 'yar'uwar wannan alama har a tsibiran da ke can ɗaya gefen duniya. Ranar an yi dariya, an yi kiɗa. Yau kuwa ba mai kallon idona.

"Kwana uku," in ji Mahatoro. "In uwata ba ta koma makwancinta ba, ki kwashe kayanki. Hannun da ya jawo wannan ba zai ƙara karɓar ɗa a garin nan ba."

Shekara ashirin da shida ina yanke cibiya a Ankilitelo. Da yammar nan na aika cikin daji a kira mini Retsimba.

* * *

Retsimba mai bin sawu ne, mutumin tudu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin shanun sata. Ya haura saba'in, ido ɗaya ya yi fari, amma ana cewa ko kaza ce ta gifta zai gaya maka ko ta yi ƙwai. Washegari da safe ya iso da sandarsa da goran ruwa.

"Ke ce ɓarauniyar?" ya tambaye ni.

"Haka aka ce, Baba."

"To taho ki nuna mini aikinki."

Dattawa suka ba mu izini. A gindin tsamiya na zauna na kwance takalmina, shi kuma ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganin mace ta tuɓe takalmi ba. Da muka isa kabarin ya durƙusa, ya sa hannu cikin akwatin, ya murza rairayin ƙasansa.

"Ɓarayin ƙashi na san su. Dogayen ƙasusuwa suke zarewa, su bar kai yana kallon sama. Nan ko gaɓar ɗan yatsa ba a bari ba. An tankaɗe ƙasar nan kamar garin rogo." Ya sunsuna wani baƙin dutse. "An ma ƙona turare. Ɓarawon naki yana da ladabi."

Sai ya juya ga sawun. Na ga fuskarsa ta canza. Ya daɗe a tsugune, yana auna shi da tafin hannu, leɓensa na motsi.

"Baba, ita ce?"

"Na san wannan ƙafar," ya ce, bai ƙara ba.

Muka bi sawun. Babu kukan tsuntsu ko ɗaya a dajin, sai ƙarar teku daga nesa. Kowane taku ashirin ko talatin, mai tafiyar takan tsaya, ƙafafu biyu a haɗe. A bakin ruwa sawun ya shige inda igiya ta shafe.

"Yaya Soalaka take tafiya kafin ta mutu?"

"Tana jan ƙafa. Ta kusa tamanin."

"Wannan takunta dogo ne. Kuma dubi dunduniya, yadda take nitsewa. Ku mutanen teku da tafin ƙafa kuke taka rairayi. Wannan ta koyi tafiya a ƙasa mai tauri, irin tamu. Tana kuma karkata dama, tana kare wani ciwo." Ya tofar da yawu. "In fatalwa ce, to a tudu ta yi rarrafe."

* * *

Kafin mu dawo gari an ɗaure Tsiholy a jikin turke. Wasu masunta sun je ɗauko amalankensa, sun tarar da shebur da gatari da buhu biyu a ciki. Kuma hanyar rijiyar da yake zuwa ɗebo ruwa ba ta bi ta makabarta, to me ya kai shi can?

Retsimba ya zagaya amalanken, ya kankare wani abu daga bakin gatarin ya ɗanɗana.

"Tsiholy, me shanunka suke nema a makabarta? Gaisuwar mutuwa suka je?"

"Baba, na rantse da kakannina, hanya na ɓata."

"Shekara nawa kana bin hanyar?"

"Talatin."

"To ƙaron itacen nan da ke gatarinka, na dajin matattu ne. Sau nawa ka ɓata hanya a watan nan?"

Tsiholy ya fashe da kuka. Ashe ya daɗe yana saran itace a bayan makabarta yana toya gawayi. Ya ce ƙashin mutum kuwa, ko na kifi yana ba shi tsoro. Retsimba ya sa aka kwance shi, ya ɗaga ƙafarsa kowa ya gani: faffaɗa kamar filafilin tuƙi, yatsu biyar cif.

"Wannan ɓarawon itace ne. Ku ci shi tarar akuya, ku bar shi."

Mutane ba su ji daɗi ba. Sun so a ce an gama.

* * *

Da la'asar na dafa masa shinkafa da busasshen kifi. Ya ci kaɗan, ya ce in kawo takardata ya gani. Ya juya ta sama da ƙasa, don bai iya karatu ba.

"Wa ya karanta wa mutane tasu?"

"Ni. Layi suka yi a ƙofar nan."

"Duk iri ɗaya ne?"

Na ce a'a. Wasu alamarsu daga babbar ƙasar da ke ƙetaren teku ta yamma take. Masu alamar matan gabas kuma tasu ta fara da harafin B da lamba huɗu, sai jerin haruffa. Amma likitar ta ce reshe kan tsaga ƙaramin reshe, kuma ta ga wani ƙarami da bai wuce mutum biyu ba a cikin duk waɗanda aka gwada a garin.

"Su wa?"

"Baba Mahatoro." Sai a lokacin na ji abin da bakina ke shirin faɗa. "Da Ndalana mai busasshen kifi."

Ndalana baƙuwa ce. Shekara goma da suka wuce ta zo daga tudu da 'yarta, ta kafa bukka a ƙarshen gari, tana sayen kifi tana kaiwa kasuwannin ciki. Ba ta faɗa da kowa, ba ta kuma shiga sabgar kowa.

"Kin gaya mata?"

"Da wasa na faɗa. Na ce, ke, ashe 'yar babban gida ce ba mu sani ba. Likitar ta gargaɗe mu cewa takarda ba ta nuna wane ne ɗan wane, sai dai cewa an haɗa kaka ta wajen uwa, ko da ta nesa ce ƙwarai. Ban ɗauke shi komai ba."

"Ita ta yi dariya?"

"Ba ta yi ba."

"Lafiyarta lau?"

Wannan sirri ne tsakanina da ita, amma na faɗa. Akwai ƙullutu a cikinta, gefen dama, tun damina. Na tura ta asibitin birni, suka ce lokacin yanka ya wuce.

Retsimba ya kalli ƙafata. "Jiya kin zauna a gindin tsamiya kin kwance takalmi?"

"A tsaye na tuɓe. Yau ne na zauna."

"Na ga wurin zama biyu a can. Ɗaya naki na yau. Ɗayan ya kwana biyu, iska ta fara cin gefensa, kuma daga nan sawun mai yatsu shida ya fara. Kowa ya kalli wanda ya fita daga kabari, ba wanda ya nemi na shiga, don duk garin sun tattake shi. Mutum nawa ke sa rufaffen takalmi a nan?"

Mu biyu ne. Mata sun daɗe suna yi wa Ndalana ba'a, wai ko cikin ruwa ta shiga sayen kifi, da takalmin roba take shiga kamar matar gwamna.

* * *

Kafin rana ta faɗi ya je wajen Mahatoro, na bi shi na tsaya daga bakin danga. Tsohon yana gyaran raga.

"Mahatoro, 'ya'ya nawa Soalaka ta haifa?"

"Maza huɗu. Ni kaɗai na rage."

"Mace fa?"

Hannun Mahatoro ya tsaya. "Ba ta zo da rai ba."

"A wane kabari take?"

"An kira ka bin sawu ne, ba tonon asiri ba."

"Ai sawun nake bi," in ji Retsimba. "Gobe da safe, in ruwa ya janye, ka tara mini gari a bakin teku."

* * *

Ruwa ya janye ya bar rairayi jiƙaƙƙe, sumul. Kowa ya fito, har waɗanda ya kamata su kasance a teku. Retsimba ya ja layi biyu da sandarsa, taku goma tsakaninsu.

"Duk macen da ta haura arba'in ta ratsa nan da ƙafa tsirara. Ungozoma ce farko, tunda ita ake zargi."

Na tuɓe na wuce. Mata suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, wasu na tsaki, wasu na dariyar tsoro. Ndalana ce ta rage. Tana tsaye da hannu ɗaya dafe da kwiɓinta, 'yarta a gefe da goyon jaririya.

"Ba sai na wahalar da ku ba," ta ce.

Ta zauna a ƙasa, ta kwance takalmin, ta ajiye su a jere. Ta miƙe ta taka. Sawu ya fito a rairayi, yatsu shida a hagu. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Tsofaffi suka rufe fuska da zane, don tafiyar ma, in ka cire dunduniya, ta Soalaka ce tana da ƙarfinta.

"Mayya!" in ji wani. "Ta ari ƙafar matacciya!"

"Ba aro ba ne, gado ne," in ji Retsimba. "Mahatoro, kai za ka faɗa ko ni?"

Mahatoro bai ɗago ba.

"To ni. Shekara arba'in da shida ke nan, Soalaka ta haifi mace. Boka ya duba ya ce ranar mugunya ce, yarinyar za ta ci ubanta. Aka miƙa ta ga wasu fatake masu amalanke, aka ce wa gari ba ta zo da rai ba. Kwana huɗu da haihuwa Soalaka ta sulale ta bi sawun amalanken a ƙasa, jini na zuba. Mijinta ya ɗauko mai bin sawu, saurayi mai ji da kansa. Ni ne. Kwana biyu na bi yatsun nan shida cikin ƙaya. Na cim mata saura tafiyar rabin yini ta iske fataken. Na juyo da ita, aka ba ni maraƙi." Ya share idonsa mai gani. "Ban taɓa ɓatar da sawu ba. Wannan ne kaɗai na so a ce na ɓatar."

Ndalana ta kalle shi, ta kalli Mahatoro.

"Waɗanda suka raine ni sun gaya mini daga gaɓar nan aka karɓo ni, ba su san garin ba. Sun ce in ɓoye ƙafata, kada masu tsoron ranar haihuwata su gane ni. Gari shida na zauna ina sauraro. A nan na ji mata suna labarin wata tsohuwa mai yatsu shida da ta rasu shekara biyu kafin in zo. Na yi shiru, don ƙafa kaɗai ba hujja ba ce. Sai takardar nan ta zo. Na kai maka ita, Yaya. Na tuɓe takalmina a ɗakinka. Me ka ce mini?"

Mahatoro ya kau da kai. Ta amsa da kanta.

"Ka ce kabarinku ba masaukin baƙi ba ne. Dangin masu rainona ma sun ce ba ni da wuri a nasu, ba jininsu ba ce. Zanamasy ta san kwanakina. Ina za a sa ni? A gefen hanya kamar kare? Sai na ce tunda an hana ni zuwa wajen uwata, bari ita ta zo wajena."

"Me ya sa kike ta tsayawa a hanya?" Retsimba ya tambaya a hankali. "Ciwon ne?"

"A'a. Gaya mata hanya nake, kada ta ruɗe. Kuma tana da nauyi, Baba. Ƙashi ne a zane, amma kamar na goyi mutum mai rai."

Igiya ta fara dawowa tana lasar layin farko.

* * *

Ta kai mu wurin da kanta, can kudu, kan wani tudun rairayi da ke kallon mafitar rana. Ramuka biyu ne a jere. Ɗaya a rufe, an jera masa farin dutse. Ɗayan a buɗe, daidai tsawonta, har ta shimfiɗa tabarma a ciki.

Mahatoro ya tsaya a bakin buɗaɗɗen ramin ya daɗe. Sai ya zauna a ƙasa.

"Ni na miƙa ki," ya ce. "Shekarata goma sha biyar. Baba ya ce in kai ki mararraba. Kin riƙe mini yatsa, sai da na ɓamɓare."

Dattawa suka yanke cewa buɗe kabari laifi ne, sai an yanka sa. Hana 'yar gida kabarin gidansu ma laifi ne, shi ma sai an yanka sa. Mahatoro ya ce duka biyun daga garkensa za su fito. Ni kuwa ba wanda ya ba ni haƙuri, amma a makon nan aka kira ni haihuwa biyu.

Ranar da za a mayar da Soalaka, aka taru a gaban turken kakanni. Ndalana ta zauna a tabarma, 'yarta da jikarta a bayanta. Mahatoro ya ɗaga wuƙa, ya kira sunayen matattunsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ga 'yarku ta dawo, da 'yarta, da 'yar 'yarta, ku san su. Da ya zo faɗin sunan sai ya tsaya. Ndalana suna ne da fatake suka laƙaba mata, ma'anarsa wadda aka samu a hanya. Ba a gabatar wa kakanni mutum da irin wannan suna.

"Inna ba ta raɗa mata ba," ya ce. "Ba a bari ta kwana ba."

Retsimba yana zaune can baya, inda baƙi ke zama. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ta raɗa. Kwana biyu muna dawowa, tana waiwaye tana kiransa. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ya dubi matar da ke kan tabarma. "Vasia. Tauraruwa."

Ta maimaita shi a hankali, sau biyu, kamar mai gwada sabon zane. Mahatoro ya faɗe shi da ƙarfi, ya sa wa san wuƙa.

Wata huɗu ta ƙara a duniya, kuma duk wanda ya kira ta da tsohon sunan ba ta amsawa. Ni na wanke ta. Yayanta ne ya riƙe kan akwatin har makabarta, aka kwantar da ita a hannun hagun uwarta.